Wanda Ya Yanki Zanina

"Wa ya yanki zanina?"

Na ɗaga shi sama. Zanin da nake ɗaurawa in shiga kicin ne, an cire masa baki kamar faɗin tafin hannu. Ba cin ɓera ba ne, ba ƙusa ba ce. Almakashi ne, kuma a gidan nan mutum ɗaya ne ke wuni da almakashi a hannu.

Mijina ya ajiye kofin shayinsa. "Zani kuma, gimbiyata?"

"Bar ni da wata gimbiya. Ba shi ne na farko ba. Ga ɗankwalina, ga rigar barcina..."

"Zan ɗinka miki wasu."

"Ba sababbi na tambaye ka ba. Me kake yi da ƙyallayen?"

Ya kalli ƙofar ɗakin Tsuntsuwa, ya sake ɗaukar kofinsa. Wallahi share ni ɗin nan da ya yi ya fi zagi yi mini ciwo.

Tsuntsuwa 'yata ce, shekararta bakwai. Rashin cin abinci ya ja mata sunan. Mahaifinta ya rasu a hatsarin mota tana aji ɗaya, bara kuma na auri wannan telan, don ina sonsa, ba zan ɓoye ba. Amma kowace safiyar makaranta yaƙi muke yi. Ciwon ciki, amai, ta ƙanƙame ƙafata jikinta na ɓari. Likita ya duba ya ce lafiyarta ƙalau. Na lallasa, na yi faɗa, har na taɓa kai mata mari, duk a banza.

Sai kwatsam ta fara tafiya, amma fa sai da shi. Su yi ta ƙus-ƙus a falo, ina shigowa su yi tsit. Yarinyar da ba ta sakin zanina, yanzu in na ce zan raka ta sai ta ce, "A'a, Baba Tela."

Na kai wa Yaya kukana a waya.

"Ke dai ba ki da wayo," in ji ta. "Namiji ya yanki tufafin da kika yi gumi a ciki, kuma 'yarki ta juya miki baya? Ruwa ba ya tsami banza. Wajen boka yake kaiwa, raba ki da ita ake son yi. Ki kwaso kayanki."

Na ce zato zunubi. Amma ranar na haɗa jaka na tura ƙarƙashin gado. Ko zan mutu da sonsa, 'yata ce a gaba.

To, safiyar da muka yi wannan rigima, suna fita na zari mayafi na bi su a baya. Gani ya kori ji.

Ba su miƙe ƙofar makaranta ba. Suka ratse bayan katanga, inda ba kowa. Na laɓe ina leƙensu. Ya durƙusa a gabanta, ya kama hannunta ya cusa a aljihun rigar makarantarta, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Ta lumshe ido, ta jawo aljihun zuwa hancinta tana shaƙa.

Ban san lokacin da na isa kansu ba.

"Me kake shaƙa wa 'yata?"

Na fizgo aljihun na juyo cikinsa. Ga ƙyallen zanina, an ɗinke shi tsaf da ƙananan zare.

"Ashe gaskiya ne! Asiri kake mana?"

"Ki rage murya, don Allah... dube ta."

Na duba. Tsuntsuwa ta kafe, baki a buɗe, numfashi na fita guntu-guntu kamar wadda aka shaƙe. Hannayenta sun yi sanyi ƙalau. Na jijjiga ta, na kira ta, ba ta ko ganina.

"Saki aljihun," ya ce. Bai ɗaga murya ba. Ya mayar da hannunta ciki. "Riƙe, 'yar Baba. Ga Mama a hannunki. Ja numfashi... a hankali... yawwa, sake shi kamar kina hura shayi. Sake yi."

Ina tsaye kamar gunki har ƙirjinta ya lafa.

"Ki yafe ni, Tsuntsuwa," ya ce, "yau kam sai mun faɗa mata. Ni zan faɗa ko ke?"

Ta sunkuyar da kai. Da ƙyar na ji muryarta.

"Ranar da Abba ya rasu... ina makaranta. Na dawo na ga mutane cike da gida." Ta ɗago ta kalle ni. "In na tafi, ina jin kamar zan dawo ba kya nan."

Na zauna a ƙasa a gabanta.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba, 'yar lelena?"

"In an ambaci Abba kina kuka."

Na rungume ta. Na yi ƙoƙari kada in yi kukan, ban iya ba. Ita ce ma ta riƙa share mini hawaye. Da aka kaɗa ƙararrawa ta tafi da kanta, hannunta a aljihu. Sau biyu ta waiwayo, ina nan tsaye ina ɗaga mata hannu.

"A shago ta faɗa mini," in ji shi, bai kalle ni ba. "Ta sa na yi alkawari. In an wanke rigar ƙamshinki yakan fita, shi ya sa nake sake yanka. Na yi magana da malamarsu, ta ce akwai likitar da ke sauraron yara irinta. So nake mu je tare, amma ban san ta ina zan fara ba."

"Ni kuwa na ce maka..."

"Na ji abin da kika ce."

Ya juya ya tafi shago. Kunya kamar in nutse.

Na koma gida na zazzage jakar. Da yamma na same shi a kan keken ɗinki, ya kafa kai ga aiki kamar bai ga shigowata ba. Na ajiye masa sabon leshina, wanda nake ji da shi, ko sawa ban taɓa yi ba. Na ɗora almakashi a kai.

"Yanka, masoyina. Ka yafe mini."

Ya dakatar da keken. Ya ɗauki leshin ya shinshina, ya girgiza kai, murmushi na neman ƙwace masa.

"Wannan warin kanti yake yi, ba zai mata aiki ba." Ya miƙo mini, ya haɗa da hannuna ya riƙe. "Je ki sa shi ki shiga kicin tukuna, gimbiyata."