Filaya Mai Giɓi

Ƙarfe biyu da rabi na rana Manajan kamfanin haɗa sola ya kira ofishin 'yan sanda, ya ce an yi masa sata kuma ya riga ya kama ɓarauniyar, mota kawai yake so a turo. Sufeto ba ya son mai kawo ƙara da hukuncinsa a aljihu. Ya ɗauki Saje suka tafi da kansu.

A ɗakin gyara batura takwas ne jere a kan kanta, a samansu kuma ramuka huɗu a bango, inda aka cire na'urar da ke daidaita caji. Ba ta fi littafi girma ba, in ji Manaja, amma kuɗinta ya fi albashin ƙaramin ma'aikaci na shekara. Wayoyi biyu masu kauri, ja da baƙa, suna reto, bakinsu ya ƙone ƙurmus. A ƙasa ga filaya an naɗa mata jan salatif a mariƙi.

"Filayar wa?" in ji Sufeto.

"Tata mana. Sabuwar nan da kamfanin dillancin aiki ya kawo mana."

"An taɓa yin sata a nan?"

"Ko allura ba ta taɓa ɓata ba."

An kulle ta a sito, tana zaune a kan kwali. 'Yar Gwaji ake ce mata, don wata uku tana hawa rufin mutane da allon sola a ka amma ba wanda ya damu ya riƙe sunanta. Ba kuka take yi ba, cika ta yi fam.

Ta ba Sufeto labarinta a taƙaice. Shekara biyu tana yawo da takardar difloma kafin dillalan su samo mata wannan aikin. Sun karɓe ainihin takardar sun ajiye, suka ce wata uku na gwaji rabin albashinta nasu ne. In ta cika, ta zama ma'aikaciyar kamfani da cikakken albashi, a mayar mata da takardarta. In aka kore ta da laifi, ba aiki, ba takarda. Gobe ne take cika wata ukun.

Lokacin hutun rana tana bayan gini tana cin abin da ta ƙunso daga gida, ita kaɗai, don rabin albashi ba ya kai mutum kantin abinci. Ba ta da shaida.

Sufeto ya miƙa mata filayar. Ta juya ta, ta ga bakin, sai ta miƙe tsaye.

"Yallaɓai, ku ce ni ɓarauniya ce, zan haɗiye. Amma kada wanda ya ce ni na yi wannan aikin jakin."

Ta nuna masa giɓi a haƙoran filayar, inda ƙarfen ya narke. Wani ne ya datse ja da baƙa tare, batir yana ɗauke da wuta. Wanda ya yi mako ɗaya a sana'ar, in ji ta, ya san a kashe makunni, a kwance noti, a cire baƙar tukuna. Wanda ya yi wannan kuwa ya sha tartsatsi, a duba hannunsa. Ta buɗe nata biyun. Sai kantar aiki da tsofaffin yanka, babu ƙuna.

Dattijon da ke shugabantar masu gyara ya tabbatar da maganarta, ya ce ko a magagin barci yarinyar nan ba za ta yi haka ba. Ya leƙa ƙofa, ya rage murya. Kafin ita an yi samari biyu, duk daga dillalan nan. Na farko mitar gwada wuta ce ta ɓace, na biyu naɗin waya, kuma kowanne a makonsa na ƙarshe aka kore shi.

Sufeto ya koma kan Manaja, ya tambaye shi ko mita ba ta kai allura ba. Manaja ya hau kame-kame, wai ƙananan abubuwa ne, wai ai dillalan kan kawo wani washegari, aiki bai taɓa tsayawa ba. Mutum uku an shafa musu baƙin fenti a gabansa, shi abin da ya dame shi kada aiki ya tsaya. Ran Sufeto ya ɓaci ƙwarai, ya fita ya nufi wurin maigadi.

Maigadi ya rantse ba baƙon da ya shigo tun safe. Yana rantsuwar Saje yana leƙa kwandon shara, ya zaro ledar bandeji sabuwa fil da audugar da ta sha man ƙuna.

"Nuna hannuwanka," in ji Sufeto.

Lafiya lau suke.

"To wa ka ɗaure wa?"

Maigadi ya sake rantsuwa.

"Kai wa ya samo maka aikin nan?"

Nan ya daina rantsuwa. Shi ma dillalan ne suka kawo shi, yana watansa na biyu, ga 'ya'ya huɗu. Ya ce wanda ya ɗaure wa hannu Ba-Matsala ne, mai kamfanin dillancin, wanda kalmar ba ta barin bakinsa har ta zama sunansa. Ya shigo ƙarfe ɗaya da jakarsa wai zai duba yaransa, ya fito yana yarfe hannu, ya ce in aka ji maganar, aikin gadinsa ya ƙare.

Ofishin dillancin yana saman bene. Tun daga matakala ta farko matasa ne a jere, kowa da ambulan a ƙirji, an goge riga an goge takalmi. Sufeto ya ratsa su, Saje da 'Yar Gwaji suna biye.

Ba-Matsala ya tarbe su da fara'a, ya yi musu nuni da kujera da hannun hagu, na dama yana ƙarƙashin tebur.

"Ka je kamfanin sola yau?"

"Rabona da can mako biyu, Yallaɓai. Amma na ji abin da yarinyar ta yi, abin kunya. Ba matsala, gobe zan kai musu wani."

"Ɗora hannunka a tebur."

Ya ɗora. Bandeji har wuyan hannu. Ya ce butar shayi ce ta kife masa.

"Ruwan zafi yana huda hannun riga? Yana babbake gira?"

Ba-Matsala ya shafa girarsa bai sani ba. Sufeto ya jawo fayil ɗin da ke saman tebur: wasiƙa ce zuwa ga Manaja, ana gabatar da sabon ma'aikaci a madadin wadda aka kora saboda sata. Ya kira sakatariya ya tambaye ta yaushe ta buga. Ta ce ƙarfe tara na safe, awa huɗu ke nan kafin a taɓa wayar.

Saje ya buɗe kabad. Takardun shaidar mutane ne jibge, an ɗaure da roba kamar tsofaffin jaridu. Na'urar tana ƙarƙashinsu, da guntun waya ja da baƙa a jikinta.

Fara'ar Ba-Matsala ta ɗauke. Ya ce ba na'urar ce ta dame shi ba. In yarinyar ta cika wata uku ba shi da sauran komai a kanta, in aka kore ta kuwa ya kai wani, rabin ya dawo sabo. Ya amsa mita, ya amsa naɗin waya. Ya ƙara da cewa shi ma haya yake biya, kuma ba wanda ya tilasta musu sa hannu.

"Yunwa ta tilasta musu," in ji Sufeto, "kai kuma ka zauna a kanta kana ci. Sa masa ankwa."

Ba-Matsala ya roƙi a yi a hankali saboda ciwon. Saje ya ce masa ba matsala.

Suna saukowa wani daga cikin layin ya tambaya ko gobe za a buɗe. Sufeto ya kawar da kai cikin haushi, ya ci gaba da sauka.

'Yar Gwaji tana bakin ƙofa da takardarta a hannu, roba ta ci gefenta. Ta tare hanya, ta dubi bandejin.

"Wata uku kana cin rabin gumina, ko yadda ake cire waya ba ka sani ba. Da ka tambaye ni, da na koya maka kyauta. Baƙar ake fara cirewa."

Ta matsa gefe, Saje ya wuce da shi.