Layar Mahmudu Askari

"Faɗa mini abin da ta ce, Musaddiq. Kada ka rage komai."

Yana zaune a falonmu na unguwar Waziriyya a Jidda, ya sunkuyar da kai yana juya makullin mota.

"Hajiyata ba ta ƙi ki ba, Amatullah... Amma ta ce ba za ta aiko neman auren wadda ba a san asalinta ba. A faɗa mata gari, ko ƙauye ne, ta tura a tambayo."

"Jidda ba gari ba ce?"

"Habibti, ki saurare ni..."

"Halas, shi ke nan! Je ka auri mai gari!"

Ni fa haka nake, bakina ya fi zuciyata gaggawa. Yana fita na fashe da kuka, don Allah ya sani ina son mutumin nan. Injiniya ne ɗan Kazaure, aiki ya kawo shi unguwar Khumra a nan Jidda, kuma bai taɓa yi mini ƙarya ba, ko da wadda za ta faranta mini rai ce.

Gaskiyar ita ce ba mu da garin da za mu faɗa. Kakana na wajen uba, Mahmudu Askari, tsohon soja ne da ya tsallako Saudiyya daga Sudan bayan yaƙin Turawa. An ce in an tambaye shi gida sai ya miƙe ya tafi alwala. Ya rasu da maganarsa a ciki. Abin da ya bari kawai wata baƙar laya ce, tana hannun 'yarsa Gwaggo Shatu, wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifina.

Duk wanda ya yi zazzaɓi a gidanmu sai an rataya masa layar nan. Ba a buɗe ta, wai in aka farke laya ta lalace.

Gwaggo ta same ni ina sharɓar kuka. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ciro layar daga wuyanta.

"Yalla, miƙo mini reza."

"Gwaggo! Ita kaɗai ce Baba ya bar miki!"

"Ke ma shi ya bar mini ke. Kullum ina jin wani abu mai tauri a cikinta, ina tsoron dubawa. Miƙo."

Ta farke ɗinkin. Babu aya, babu rubutun malam. Wani ɗan faifai ne kamar kwabo, da huji, an buga masa lamba. Mu da muka shekara muna neman lafiya da shi!

Kunya ba ta hana ni kiran Musaddiq ba. Yana ganin hoton faifan da na tura masa ya yi salati.

"Lambar soja ce! Da ita ake gane su. Ina da aboki a Kaduna, Rafi'u, zai shiga ma'ajiyar tarihi ya duba mana."

"Ba ka yi fushi ba?"

"Na yi mana. Amma da wa zan huce in ba ke ba?"

Jiran ya yi tsawo har na fara cire rai. Sai ga saƙon Rafi'u: Mahmudu, daga Tsamiyar Dogo a ƙasar Gumel, mai zane uku-uku a gefen baki. An ji masa rauni a Habasha, daga nan aka rasa labarinsa.

"Shi ne," in ji Gwaggo, tana shafa gefen bakinta. "Wallahi Baba ne."

Hajiyar Musaddiq ba ta aika kowa ba, da ƙafarta ta je. Ranar wata Juma'a bayan la'asar ta kira mu ta bidiyo, muryarta a dashe.

"'Yata, ki yafe mini. Ba gari kaɗai na samo muku ba. Ba wa Gwaggonki wayar."

Wani tsoho ya cika fuskar wayar, yana ƙifta ido. Gwaggo ta dafe ƙirji. Goshin nan, hancin nan, ko ni da a hoto kawai na san kakana na gane su.

"Sunana Mahmudu," ya ce. "Ina ciki ya tafi. Da aka ce ya mutu sai aka mayar mini da sunansa. Ke kin gan shi da idonki?"

"Na gan shi, Yaya... Na gan shi..."

"Yana da kirki?"

Gwaggo ta yi ta gyaɗa kai. Na rungume ta, ina kuka ina godiya ga Allah, har da Hajiyar da na sha yi wa ƙunƙuni a raina.

Mutanen Tsamiyar Dogo ne suka ba da aurena. Da za mu tafi ganin gida, Gwaggo ta mayar da faifan cikin fatarsa, ta ɗinke da hannunta, ta damƙa wa Musaddiq.

"Gwaggo, ke fa?" na ce.

"Ni na hau bayan Baba ina yarinya, ya habibti. Ku kai wa Yaya, ku rataya masa a wuya. Ku ce Babansa ne ya dawo gida."