Shafi na Sittin da Biyu

Idan mutum ya sa hannu a ƙasan shafin da babu ko harafi ɗaya a cikinsa, ƙarya ya shaida, ko kuwa shiru kawai ya yi? Na daɗe ina juya wannan tambaya ban samo bakin zarenta ba. Tak Juwon ma bai samo ba, ga shi kuwa alƙalamin a hannunsa yake.

A sashen nazarin halittun teku, a ɗakin binciken Farfesa Bong, ɗalibai kan yi musayar littattafansu ranar Juma'a. Littafi ne ɗinkakke, kowane shafi da lambarsa. Ba a yaga shafi, ba a rubutu da fensir, inda aka bari fili kuwa sai a ja masa layi daga kusurwa zuwa kusurwa. Sannan wani ɗalibi ya karanta, ya sa hannu a matsayin shaida. Shekara biyu ke nan Juwon ne shaidar Pyo Miran. Sati uku kuma da ta amince za ta aure shi.

Wannan ce Juma'a ta farko bayan an dawo daga ɗibar samfuri a bakin teku. Miran tana binciken jan ruɓa, cutar da ta lalata gonakin gim, ganyen tekun da ake naɗe shinkafa da shi, a ƙauyuka biyar na kudu. Abin da kowa ke son sani shi ne daga gonar wa ta fara.

Juwon ya bi shafukan littafin Miran yana sa hannu, har ya zo na sittin da biyu. Kwanan wata ne kawai a sama, tara ga Janairu. Sai dogon layi.

Ita kuwa tana tsaye a kansa tana ɓare lemo, ta ce masa a wannan ranar iska ce ta hana kwale-kwale fita, ba ta ɗebo komai ba.

"Sa hannu mana, Yaya. Ko sai na ba ka cin hanci?" Ta miƙo masa ɓarin lemo tana murmushi.

Bai karɓa ba. Shi ne mai kula da firizar ɗakin, kuma jiya, can bayan akwatunan wasu, ya ga ƙananan kwalabe takwas an ɗaure su wuri guda da guntun igiya. Babu sunan gona a jikinsu. Kwanan wata ne kawai, da rubutunta, tara ga Janairu.

Da ya faɗa mata, hannunta ya tsaya a kan lemon.

"Bincikena kake yi?"

"Firiza nake lissafawa."

"To lissafa firizarka, ka sa mini hannu."

"Ba zan sa ba, Miran."

Ta ɗauke littafin, ta rungume shi a ƙirji. Ta ce masa in bai yarda da ita a kan shafi ɗaya ba, ba ta ga abin da iyayensu za su zauna su tattauna ba ranar Lahadin sama. Da za ta fita ba ta ce Yaya ba. Malam Tak ta kira shi, kamar ranar da suka fara haɗuwa.

Daga nan zuciyarsa ta shiga saƙe-saƙe. Shekara guda yana roƙonta aure, tana cewa sai ta kammala digirinta na uku. Kwatsam ranar sha biyu ga Janairu ta kira shi a waya ta ce ta amince. Kwana uku bayan shafin. Ya ƙirga da yatsu, ya sake ƙirgawa, ko lissafin zai canza. Shi take so, ko shaidar da ba zai yi tambaya ba? Ya tuna yadda muryarta ta yi rawa a wayar. A da ya ɗauka kunya ce.

Ranar Alhamis a taron mako, Farfesa Bong ya ce firiza ta cika, duk kwalbar da ba ta da sunan gona Juwon ya zubar da ita ranar Litinin. Miran ta juyo ta dube shi, irin kallon da ake yi wa wanda ya kai tsegumi. A bakin matakala ta tare shi.

"Kai ka faɗa masa."

"Ban faɗa wa kowa ba."

"Haka kawai ya tuna da firiza, bayan shekara biyu?"

Ya rantse mata, ta ƙi saurara. Sai da ta wuce ya gane wani abu. Umarnin Farfesa ai mafita ce. In ya zubar da kwalaben, shafin ya zama gaskiya, ya sa hannu, a yi biki. Babu wanda zai taɓa sani.

Ya koma ya buɗe firizar, sanyi ya bugi fuskarsa. Sai a lokacin ya lura da igiyar da kyau. Shuɗi da rawaya a murɗe. A ƙauyukan bakin teku kowane gida da launin igiyar ragar da yake noman gim a kanta, don kada a rikice a kan ruwa. Kuma duk ƙunshin gim da Miran ta taɓa kawo masa daga gida, da irin wannan igiya aka ɗaure shi.

Ranar Asabar da safe ya hau motar haya zuwa ƙauyen su Miran, domin can take zuwa ƙarshen mako tana taya mahaifinta aiki. Ya same su a bakin ruwa. Tsoho Pyo yana zaune a kan kifaffen bokiti yana gyaran raga, yatsunsa duk sun tsattsage saboda sanyi da gishiri. Miran ta gan shi, ta miƙe zumbur.

Juwon ya rusuna ya gaida tsohon. Tsohon ya ƙare masa kallo, ya ce ashe wannan ne mai son ɗiyarsa, ai iska ɗaya za ta kwashe shi daga kwale-kwale. Ya tambaye shi ko ya ci abinci, bai jira amsa ba ya tura masa shinkafa da gasasshen gim.

Miran ta ja shi gefe, bayan tarin raga.

"Ka zo ka tona shi ne?" Muryarta ƙasa-ƙasa. "Ka san abin da za su yi masa? Shekara arba'in yana cikin ƙungiyar manoman nan. Bara ya sayo iri a wajen wani baƙo, ba na ƙungiya ba. Cutar ta fi tsufa a ragarsa, Yaya... Gidaje saba'in sun yi asara. In na rubuta, babu mai sake gaishe shi a kan hanya. Tun rasuwar Mama, su kaɗai gare shi."

Juwon ya ce bai zo tona kowa ba. Tambaya ɗaya ta kawo shi.

"Ranar da kika ce kin amince... don ni ne, ko don shafin?"

Ta juya ta kalli ruwa. Da ta ce don shi ne, da ya yarda, don yana son ya yarda.

"A ranar ban sani ba," ta ce. "Tsoro nake ji, na kira wanda na fi amince wa. Wallahi ban san inda tsoron ya ƙare son ya fara ba. Amma da ka ƙi sa hannu, na ji haushinka kamar in mutu, na kuma ji... ashe ban yi zaɓen banza ba."

Hawaye ya zubo mata. Bai san ko wannan amsa ta ishe shi ba. Ya dai san ba ƙarya ba ce.

"Ku matasa kuna tsammanin tsufa kurumta ne."

Tsohon ne, tsaye a bayansu da allurar raga a hannu. Ya ce ragarsa ce ta fara yin ja, sati biyu kafin ta kowa, ya gani da idonsa ya yi shiru. Tun ranar da ta yanki ganyensa ta zuba a kwalba yake jiran ta zo ta faɗa masa, ba ta zo ba. Kuma mutumin da ya sayar masa da irin nan ya riga ya karɓi alkawarin gidaje uku na baɗi.

"Baba, za su guje ka..."

"Su guje ni. Na kai ki makaranta ki koyi rufe ido ne? Wannan ai na iya shi tun ba a haife ki ba." Ya juya ga Juwon. "Kai kuma, ɗan Tak, da ka sa hannun nan, da ko ɗiyar akuya ban ba ka ba."

Ya koma kan bokitinsa. Juwon ya lura sau biyu yana kuskuren ƙulli.

Miran ta shiga gida ta fito da littafin. Shafin da aka ja wa layi ba a komawa kansa, don haka ta buɗe sabo, na saba'in da ɗaya. Ta ɗora shi a gwiwa, iska tana ɗaga gefen takardar, Juwon ya danne mata da yatsa. Ta rubuta kwanan watan ranar. Ta rubuta cewa abin da ke shafi na sittin da biyu ba daidai ba ne, an ɗebo samfuri takwas ranar tara ga Janairu. Da ta zo wurin sunan gona alƙalamin ya tsaya. Ta ɗaga kai ta dubi bayan mahaifinta.

Sannan ta rubuta sunansa cikakke.

Ta miƙa wa Juwon alƙalamin da hannu biyu.

"Karanta tukuna, Yaya."

Ya karanta har ƙasa, sau biyu, ya sa hannu.