Zafin Hannun Inna Larai

Da ƙasa za ta tsage, da Mahfuza ta shige.

Ranar farko ke nan da ta zo Safana gaishe da Inna Larai, mahaifiyar Shafi'u saurayinta. Ɗan acaɓa ya kawo ta har ƙofar gida yana ta ƙarar banza, ta shigo ta tarar da tsohuwa ta toshe kunnuwa, jikinta na ɓari.

Bushira, 'yar kawun Shafi'u, wadda ta daɗe tana yi wa kanta tanadinsa, ta yi murmushi.

"Malama, ke da kike koyar da kimiyyar fiziks a Batsari, me ke sa Inna haka?"

Yarinyar da ta zo gaban suruka kanta a ƙasa yake, bakinta a rufe. Amma Mahfuza, in aka taɓo karatunta, mantawa take da inda take.

"Ai ba komai ba ne, Inna. Ƙara motsin iska ce kawai, tsoro kuma ɗan lantarki ne ke gudu a ƙwaƙwalwa. Ki daina sa shi a rai."



"A kan babura 'yan bindiga suka shigo garinsu Ruma," in ji Bushira a hankali. "A gabanta suka harbe mijinta, Baba Hamidu. Kowa a unguwar nan tun daga kan kwana yake kashe mashin... ba a faɗa miki ba?"

Inna ta miƙe ta shige ɗaki, ta saki labule.

Mahfuza ta koma Batsari ta kasa ci, ta kasa kallon madubi. Ko a aji in ta juya ga allo sai maganarta ta dawo mata, ta ji kamar ta tsinke harshenta. Labari kuma ya iso cewa Inna ta ce ba da ita ba a wannan aure.

Shafi'u ya zo da la'asar, ya same ta a zaure.

"Rabin raina, ɗago ki dube ni."

"Da wane ido, Yaya Shafi'u?"

"Laifina ne. Rasuwa kawai na ce miki, bakina ya kasa faɗin sauran."

"Na ɗauki mutuwar mijinta na kira ta ɗan lantarki..." Kuka ya ƙwace mata. "Kullum ina gaya wa ɗalibai ƙwan da ya fashe ba ya komawa cikin ɓawonsa. Haka maganata take."

"Ke dai kika koya mini zafi ba ya ɓacewa, sai dai ya bar wani jiki ya shiga wani. Na Inna ya rasa inda zai shiga. Je ki, amma ki bar karatun a gida."

Washegari ta sauka a bakin titi ta taka da ƙafa. Bushira na ganinta ta taɓe baki ta bar wajen. Mahfuza ta durƙusa a ƙofar ɗaki, ta yi gaisuwa har sau uku kafin a ce ta shigo.

"Inna, ki yafe mini. Na yi magana a kan abin da ban sani ba."

Tsohuwa ta daɗe tana kallonta.

"Wannan lantarkin da kika ce... yana ƙarewa?"

Amsoshi suka taso wa Mahfuza har maƙogwaro, ta haɗiye su.

"Wallahi ban sani ba, Inna."

"Ni ma ban sani ba."

Inna ta kamo hannunta.

"Kai, 'yar nan, hannunki sanyi kamar randa."

Ta damƙe shi cikin nata, ta fara ba ta labarin Hamidu, yadda yake dariya da yadda ba ya shan fura sai da yaji. Suna kuka, hannun Mahfuza na ɗumi, har ta kasa gane wane ne nata.

Da Shafi'u ya leƙo, Inna ba ta ko dube shi ba.

"Ka ce wa kawunka ya shirya zuwa Batsari. Yanzu ka ba mu wuri, ban gama ba ta labarin ubanka ba."