Akwai Saura?

Baba na je ɗaukowa, shi ke nan fa. Aikina ne kullum in rana ta yi ja: in tashi daga kan keken ɗinki, in tsallaka titi zuwa lambun unguwarmu, in riƙo hannunsa mu dawo gida. Tun da mantuwa ta kama shi, ba abin da yake so sai bencin da ke ƙarƙashin tsohuwar bishiyar can ƙurya.

Lambun ya girmi kowa a unguwar. Tsofaffin gidaje masu tagogin katako sun kewaye shi, kuma mu muke kula da shi da kanmu. Wai mu! Ranar shara kowa bayansa na ciwo, amma in ranar ɗaukar hoto ce, mai ciwon bayan ne a sahun gaba da tsintsiya.

Rufe ƙofa bi da bi ake yi, gida-gida. Yadda muka taras shi ne, in mutane sun gama fita da magariba, mai rufewa ya riƙe ƙofar a buɗe, ya sunkuyar da kai, ya ce da ƙarfi, "Akwai saura?" Ya ɗan jira, sannan ya sa kwaɗo. Ban taɓa tambayar dalili ba. Na ɗauka don tsofaffi ake yi da masu nauyin kunne.

Sai Allah ya jarabce mu da Fenti, shugaban kwamitin lambu. Sunan ya bi shi ne don ba abin da ya iya sai shafe-shafe. Benci ya karye, fenti. Famfo ya daina zuba, fenti. Har gindin bishiya bai bari ba. Mutumin da ya daɗe da barin unguwar ya koma sabbin gidaje, ba ya leƙo mu sai da mai hoto a bayansa. Shi ya ce wannan tambayar ƙauyanci ce, ya kawo makullin zamani mai rufe kansa in lokaci ya yi, sai an danna lambobi yake buɗewa. Malalatan unguwa har da tafi, an sauke musu aiki.

Ranar da aka fara aiki da makullin, wata mai riga ta tsare ni da ƙorafin wuya da hannu. Ina cikin warware ɗinki na ji ƙarar daga tsallaken titi.

Ƙwas!

Na fita ko takalmi babu.

Ƙofar a rufe gam, Baba yana ciki. Mai walda da mai shago da matan layi sun taru suna leƙe, kowa na ba da shawara, ba mai motsa hannu. Fenti na tsaye da sabuwar hularsa yana danna lambobi. Makullin ya yi ja, ya yi ƙara, ya ƙi.

"Ranka ya daɗe, ubana na ciki," na ce.

"Ki kwantar da hankalinki, Hajiya, na'ura ce. Da safe injiniya zai zo."

Da safe! Tsohon da bai san hanyar ɗakinsa ba, shi zai kwana a waje. Na kalle shi sama da ƙasa, na yi tsaki, na zagaya baya inda katanga ta zube ta wajen kwata. Shi ma wurin an shafe shi da fenti maimakon gyara. Na tattare zanena na haura.

Ina dira, ƙarar titi ta ɗauke.

Ba mota, ba hayaniyar yara. Ina hango bakunan mutane ta tsakanin ƙarafan ƙofa suna motsi, ba na jin komai.

Wari ne ya fara tarbata. Ƙasa jiƙaƙƙiya, alhali ba a yi ruwa ba. Ƙarƙashinsa wani warin, na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba.

Lilon yara na kaɗawa shi kaɗai. Ƙiii. Ƙiii. Ko ganye ɗaya ba ya motsi.

Na taka tsakuwa a hankali har ƙurya. Baba na zaune a gefen benci, ya karkata kai yana saurare, har da gyaɗawa. Kusa da shi ba kowa. Amma katakon wajen ya lotsa ƙasa, yana ƙara kaɗan-kaɗan.

"Baba," na ce cikin raɗa. "Tashi mu tafi."

Ya juyo. Idonsa tar, irin yadda na daɗe ban gani ba.

"Ya ce ba a tambaye shi ba."

"Wa?"

"Kullum ana tambayarsa. Yau an rufe shi kamar akuya."

Na kama hannunsa na hagu na ja. Bai taso ba. Hannunsa na dama na miƙe a kan benci, naman wuyan hannun ya lotsa wuri-wuri, kamar yatsu sun nutse a ciki.

"Ya ce in ba zai fita ba, ni ma in zauna. Yana son hira."

Leɓen Baba ya fara yin fari. Numfashinsa na fita da tururi.

Wani abu ya ja numfashi kusa da shi. Dogo. Mai kauri.

Na saki Baba na ruga ƙofa. Na kama ƙarafan na jijjiga, na zura fuskata tsakaninsu, sai muryoyin waje suka dawo mini sama-sama.

"Mai walda! Guduma! Fasa shi!"

"Kul!" in ji Fenti, ya tare makullin da jikinsa. "Kayan kwamiti ne, ko hotonsa ba a gama ɗauka ba!"

Ban san me mai walda ya hango a bayana ba. Na dai ga fuskarsa ta canza. Ya ture Fenti gefe da kafaɗa, ya ɗaga guduma.

Makullin ya tarwatse.

Na ja ƙofar, na riƙe ta a buɗe. Na sunkuyar da kai.

"Akwai saura?"

Lilo ya tsaya.

Can ƙurya katako ya yi ƙara, kamar an sauke masa kaya.

Tsakuwa ta fara kuka. Taku mai nauyi, ba gaggawa. Yana matsowa.

Idona na kan yatsun ƙafata. Na ga tsakuwar gabana ta nutse, ba ƙafa a kanta. Sanyi ya lulluɓe mini gefen fuska.

Daidai kunnena aka ce, "Akwai."

Duk wanda ya tashi a unguwar ya sadda kai ƙasa, ba wanda ya ce masa ya yi. Sai gwanin naku Fenti. Ya dawo tsakiyar ƙofa ƙiƙam, ya ɗaga waya ya kunna fitila, wai zai ɗauki shaidar ɓarnar da aka yi masa. Ya ɗago ido.

Bai yi ihu ba. Wata 'yar shaƙuwa kawai na ji, sai wayar ta faɗi.

Hannu ya dafa kafaɗata, na kusa shiɗewa. Baba ne, yana rawar sanyi. "Ke 'yar nan," ya ce, "yunwa nake ji." Na rungume shi na fashe da kuka a gaban kowa.

Baba bai sake neman lambun ba. Tabon yatsun bai goge ba, kuma hannun nan har yau sanyi ƙalau, ko na dumama shi da ruwan zafi. An mayar da tsohon kwaɗo. Masu ciwon baya duk sun warke, ba gidan da ke tsallake ranarsa.

Fenti kuwa yanzu kullum yana unguwar, abin da bai yi ba lokacin da yake shugaba. Tun la'asar matarsa ke kawo shi, don in ba a kawo shi ba, buga kansa yake yi da bango. Ya zauna a gefen bencin Baba, ya karkata kai, yana gyaɗawa. Matan layi suna cewa abin tausayi. Ni ban ji ba, ko ƙanƙani. Shi ne fa ya ce in jira sai da safe.

Jiya ranar gidanmu ce. Na riƙe ƙofa, na sunkuya, na yi tambayar. Takalman Fenti suka zo suka wuce ta gabana, tsakuwa na nutsewa a ƙarƙashinsu fiye da nauyin mutum ɗaya.

Da na dawo gida na taras da Baba a bakin taga yana kallon lambun.

"Ya daina nemana," ya ce. "Ya sami wanda zai riƙa kai shi gida."