Baƙin Rami a Tafiretar Mas'uda

Ranar da Fakhruddeen ya fara shiga shagon buga takardu na bakin kasuwar Suleja, a 1996, Mas'uda ta ɗago kai daga tafireta ta ga malamin makaranta rungume da fayil kamar jariri. Da suka haɗa ido, har sallama ya manta.

Ta karanta shafin farko. "Malam, mene ne baƙin rami? Wa ya aike ka auna shi?"

Ai sai baki ya buɗe. Ya ce can nesa a sama akwai wasu fitilu masu tsananin haske da ake kira kweza, a tsakiyar kowacce akwai rami mai haɗiye komai, ba a ganinsa.

"Idan fitilar ta ƙara haske, hayaƙin da ke kewaye da ita sai bayan kwanaki yake amsawa. Kwanakin nan ke nuna nisansa. Ki haɗa da gudun hayaƙin, kin sami nauyin ramin."

Shafi goma ya kawo, amma sai da ya yi sawu ashirin. Tun tana ce masa Malam har ya koma "Ɗan sama jannatina".

Mahaifinta, Malam Isiyaku mai gyaran sikeli, bai ga abin so ba.

"Shekara huɗu yana awon abin da ba ya hawa sikeli, sau biyu malaminsa na jami'a yana dawo masa da aikin! Ga Suhaibu ma'aikacin Abuja yana neman ki. Aka sake dawo wa malamin nan da aikin, kada ya ƙara tako mini gida."

Bayan kwana biyu sai ga wasiƙar Fakhruddeen: "Mas'udata, lissafin ya ƙi. Nauyin da nake samu ya wuce hankali. Rasa digirin da sauƙi, rasa ki nake tsoro."

Ta sha kukanta, sannan ta janyo jadawalin awon da wata cibiya a Amurka ta aiko masa ta gidan waya, daga fayil ɗin da ya bari a shagon. Ta ga ya soke kwanan wata 2/17, ya rubuta "kuskure" a gefe. Ita kuwa ta sha buga takardun neman bizar ƙasar.

Washegari ta tare shi a ƙofar shago.

"Ɗan sama jannati, mutanen Amurka wata suke fara rubutawa kafin rana! Daga 2/3 zuwa 2/4 kwana ɗaya ne, kai ka mayar da shi wata guda. Ba dole raminka ya yi ƙiba ba?"

Ya zube kan benci ya dafe kai, can sai dariya har da hawaye. Mako uku ya yi yana sake lissafin, aka karɓi aikin.

Da labari ya kai wa Malam Isiyaku, ya daɗe yana murmushi.

"Ashe sikelin lafiya lau, mai karantawa ne. A ba shi ita, kada ya ɓace."

Mas'uda ce ta buga katin ɗaurin auren da hannunta, ta rubuta ranar da kalmomi: Asabar, uku ga watan Mayu. Ta ce ba za ta bar ango da lambobi ba.

Ya kuwa riga kowa isa. Allah ya sanya albarka, ya bar su tare.