Hannun Farko Bayan Ramin Ƙarshe

Wanda bai san golf ba, in ya hango 'yan wasan suna takawa a hankali kan ciyawa kore shar, wani na biye da su da jakar sanduna, sai ya ce yawon shan iska ne na waɗanda suka ƙoshi. Ina fa. Masu cin abinci da wasan nan suna da yawa, amma waɗanda suka ƙoshi a cikinsu ba su taka kara sun karya ba. Sauran gari-gari suke bin gasa a tsohuwar mota, suna kwana a ɗakunan haya masu warin rima, suna roƙon wata 'yar farar ƙwallo ta faɗa rami. A cikin irin waɗannan akwai wanda abokan wasa suka laƙaba wa Saura-Kiris. Da dariya aka raɗa masa sunan, amma labarinsa ba na dariya ba ne.

In ya maka wa ƙwallo doguwar sanda, sai ta tashi kamar ba za ta sauko ba. Rami goma sha takwas ake bi, wanda ya gama da mafi ƙarancin bugu shi ya ci, kuma daga nesa babu mai ja da shi. A bakin rami ciwon yake. Ƙwallo ta rage taku guda, wadda ko makaho zai tura da ƙafa ta shiga, a nan hannunsa na dama ke kama rawa. Sai sandar ta zille, ƙwallon ta lashi bakin ramin ta wuce, 'yan kallo su ja tsaki a tare.

Yayansa ke ɗaukar masa jaka. Shi ya koya masa riƙon sanda, ya kuma ajiye nasa burin don ya ga ƙanen ya fi shi baiwa. Duk sanda rawar ta tashi sai ya matso ya ce, "Ƙanena, ja numfashi. Ramin nan ba ya cizo."

Kada a ce yunwa ce ta kai shi inda ya je. Yana da mata mai haƙuri, da 'ya guda mai sunan mahaifiyarsa, wadda yake kira Uwata, kuma tukunyarsu ba ta taɓa kwana a kife ba. Abin da ke cin sa shi ne ɗakin sauya kaya, inda zakaru ke da akwatuna masu sunansu a jikin tagulla, shi kuwa ya rataye rigarsa a ƙusa. Yana ganin mutanen kamfanoni suna wuce shi da murmushin da ba nasa ba. Hassada ta dafa shi har ya nuna.

Akwai wani tsoho da aikinsa yanka sababbin ramuka a filin kowace safiya. Wata rana ya tarar da Saura-Kiris shi kaɗai yana ta kuskuren ƙwallo, ya daɗe yana kallon hannun.

"Wannan ba na likita ba ne," in ji tsohon, yana karkaɗe ƙasa daga ƙarfen aikinsa. "Na san wani boka mai cire irin wannan ciwon. Amma in ka je, kar ka ce ni na aike ka."

Da rana tsaka ya je, bai gaya wa kowa ba. Wurin yana bayan wata tsohuwar ma'aikatar fasa dutse, ɗaki ne na langa-langa ba taga. A waje rana na ƙona ƙeya, ciki kuwa sanyi kamar randa. Da idonsa ya saba da duhun, sai ya ga hannuwa na yumɓu rataye da jan zare daga rufi, manya da ƙanana, suna kaɗawa alhali ba iska. Ƙaurin ƙonannen gashi ya cika ɗakin. A tsakiya akwai rami a ƙasa, faɗinsa daidai da wanda yake kuskurewa kullum, bakinsa ya yi baƙi da busasshen jini. Bokan na zaune a bayan ramin, siriri ne, fes da shi, farcensa a yanke kamar ma'aikacin banki.

"Miƙo hannun," in ji bokan, ba ko gaisuwa. Ya juya shi, ya shinshina. "Rawa ce. Ba na kashe ta, ba ta mutuwa. Sai dai in sauya mata gida."

"A sauya mata, ranka ya daɗe. Me zan kawo?"

"Ni ba na karɓa. Duk ranar da ka ci gasa, hannun farko da ka riƙe bayan ƙwallon ƙarshe ta shiga, shi zai ɗauki kayanka."

Zuciyar Saura-Kiris ta yi tsalle. A ƙa'idar wasan, da an gama ramin ƙarshe kowa zai cire hula ya ba abokin karawarsa hannu. Ke nan abokan hamayya ne za su kwashi rawar, waɗanda suka sa masa suna.

"Mutuwa mutum zai yi?" ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Rawa ka kawo, rawa zai ɗauka."

"To a yi mini na gasa uku kawai. Daga nan a kwance asirin."

Bokan ya yi dariya ba sauti. "Nan ba kasuwa ba ce. Amma tunda kana son ƙofar fita, ga ta. Ranar da ƙwallon cin kofi ta zo gabanka ka kuskure, an kwance."

Nan ne wawan ya saki jiki. Kuskure ai sana'arsa ce, ya ce a ransa, wa zai koya masa?

Aka yanka baƙin zakara a bakin ramin, jinin ya gangara ba a ji saukarsa ba. Bokan ya shafe gajeriyar sandar tura ƙwallo da wani mai mai wari, ya sa shi ya durƙusa ya zura hannu cikin ramin har gwiwar hannu. Ramin da ya kamata ya ƙare a tafi guda, bai taɓo ƙasansa ba. Can ciki wani abu mai sanyi, mai yatsu, ya kama hannunsa ya girgiza a hankali, irin gaisuwar waɗanda suka gama ciniki. Ya zaro hannun yana haki, ya dube shi. Ko gezau.

Gasar da ta biyo baya ya cinye ta. Abokin karawarsa wani tsohon zakara ne mai fara'a, ya cire hula ya kama hannunsa ya ce, "Yau dai kiris ɗin ya cika." Kafin wata ya zagayo, mutumin ba ya iya kai cokali baki. Rawar ta hau kafaɗa, ta shiga wuya, ta sauka ƙirji, aka wayi gari zuciyarsa ta tsaya. Saura-Kiris ya je gaisuwar mutuwa, ya yi hawaye ma, kuma a makon ya sa hannu a kwangilar tallar agogo.

Daga nan duniya ta buɗe masa baki. Gida mai bene da wurin wanka a tsakar gida, motoci, hotonsa a allunan titi yana murmushi. Sunansa ya hau tagulla. Wani matashi da ya gaisa da shi a gasa ta gaba, an same shi yana yawo a filin atisaye ba takalmi, yana roƙon mutane su riƙe masa hannu ya huta. Wani kuma ya saki sitiyari a kan gada. Saura-Kiris ya koyi abin da masu irin wannan arziki ke koya, wato kada ka tambayi labarin kowa.

Kuskuren da ya yi, kowane ɗan wasa zai iya yin sa. Ya manta cewa akwai mai tsayawa kusa da shi fiye da abokin karawa. Ranar da ya ci babbar gasar da suke mafarki tun suna samari, ƙwallon na faɗawa Yaya ya yar da tutar ramin, ya rugo ya cafke hannunsa da hannu biyu yana kuka.

"Ƙanena, mun iso. Ka ga abin da nake gaya maka? Numfashi ne kawai."

Saura-Kiris ya fizge hannun kamar ya taɓa wuta, amma ya riga ya ji sanyin ya fita daga tafinsa.

An kai Yaya asibitoci na gida da na waje, likitoci suka yi ta hoto ba su ga komai ba. Mutumin da ya shekara da shekaru yana saɓa jaka mai nauyi ya koma sai an ɗaure shi a gado don kada ya faɗo. Gadon kansa kaɗawa yake. Ranar da zai cika, haƙoransa na haɗuwa, ya ce, "Wa zai riƙa ɗaukar maka jaka? Kar ka ɗauki mai surutu." Har ya mutu bai san wanda ya kashe shi ba, kuma wannan ya fi komai ƙona ƙanen.

Ya jingine sanduna ya ce ya bar wasa. Sai rawar ta dawo gida, ba ita kaɗai ba, har da ta duk waɗanda ya raba wa. Kofin ruwa ya gagare shi. Kamfanoni suka fara waya, da lallashi, daga baya da lauyoyi. Ya dubi benen, ya dubi motocin, ya ga ba zai iya komawa rataye riga a ƙusa ba. Sai ya shirya wa kansa dabara: zai shiga gasa guda, ya kai ƙwallon cin kofi, ya kuskure da gangan, a kwance, dukiyar kuma ta zauna. Ko a nan, ka ji, bai yarda ya rasa komai ba. Yana ɗaukar sanda hannun ya tsaya cak.

"Kada ku zo filin," ya ce wa matarsa. "Ke da Uwata ku zauna a gida."

"Baban Uwata, me muka yi maka? Tun rasuwar Yaya ko hannun yarinyar nan ba ka riƙewa. Jiya tana tambayata ko wari take yi."

"Na ce kada ku zo."

Amma masu shirya gasa suna da tasu al'adar. In ɗan wasa na kan gaba a ranar ƙarshe, sukan ɗauko iyalinsa a ɓoye su tsayar da su bayan ramin ƙarshe, don masu ɗaukar hoto su sami abin nunawa. Suka aika mota. Matar ta ga wata dama ce ta sanyaya zuciyar mijinta, ta yi wa yarinyar kitso ta sa mata farar riga.

Ya iso ramin ƙarshe, ƙwallo taku biyu daga baki, in ta shiga ya ci. Dubban mutane suka yi tsit. Ya karkata sandar gefe, karkatar da ko yaro zai gane, ya buga da ƙarfin da ya wuce kima. Ƙwallon ta nufi waje, ta wuce ramin, sannan a gaban idon kowa ta rage gudu, ta lanƙwaso ta hau tudu, ta dawo ta faɗa. Filin ya ɗauki sowa. A lokacin ya gane irin ƙofar da aka ba shi.

Kuma a lokacin ya hango farar riga ta kutso ta ƙarƙashin igiyar da ta tare 'yan kallo.

Ya juya da sauri wajen abokin karawarsa, hannu a miƙe. Ku lura, ko a wannan lokacin wani ya nema ya ɗora wa. Amma magana ta daɗe tana yawo a ɗakin sauya kaya, an ƙirga waɗanda suka gaisa da shi. Mutumin ya taɓa bakin hularsa, ya maida hannuwansa baya, ya ja da baya. Sabon mai ɗaukar jakar ma ya sunkuya yana gyaran abin da bai lalace ba.

"Baba! Baba ka ci!"

Ya ɗaga hannuwansa sama can, jama'a suka ɗauka murna ce suka ƙara sowa. Yana ja da baya yana cewa, "Uwata tsaya, tsaya nan," amma wa zai ji? Tana gab da shi sabon takalminta ya zame a gefen ramin yashi, ta tafi za ta kifa da ka kan ƙarfen manjagara da aka bari a wurin. Babu uban da ke shawara a irin wannan. Kafin ya san abin da yake yi, ɗan hannunta yana cikin nasa.

Hoton ya fito a jaridu washegari, kowa na cewa ya yi kyau.

Jikin yarinya bai kai na Yaya ƙwari ba, ba ta daɗe ba. Ranar da aka fita da ita ya faɗa wa matarsa komai, don ya kasa riƙewa. Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta shiga wanke hannu, ta wanke, ta sake wankewa, har fatar ta saɓule. Danginta suka zo suka tafi da ita, kuma har yau in ta ga an miƙo mata hannu sai ta kwarma ihu ta shige ƙarƙashin gado.

Ya koma wajen bokan, ya faɗi a bakin ramin yana roƙo a karɓi komai a kwance. A cikin hannuwan yumɓun da ke rataye ya ga wani ɗan ƙarami, yumɓunsa bai gama bushewa ba.

"Ai na gaya maka," in ji bokan, yana gyaran farce. "Ka kuskure mana."

Babu wanda ya sake yarda ya shiga fili da shi. Kamfanoni suka sauke hotunansa, lauyoyi suka kwashe benen da motocin, aka kankare sunan daga tagulla. Yanzu yana zaune a bakin shingen wani filin atisaye, gemu ya cukurkuɗe, ya naɗe hannun dama da tsumma ya ɗaure shi a ƙirji. Wani lokaci masu zuwa da 'ya'yansu koyon wasa sukan tausaya, su ba yaro wani abu ya miƙa masa. Da ya ga yaro ya nufo shi sai ya tashi a guje yana kuka.

To, kai mai jin haushin abin da Allah bai ba ka ba, ka ji da kyau. Duk wanda ya ce zai ɗauke maka nauyinka ya ɗora wa wani, tambaye shi wane ne wanin, kuma ko ya rantse maka kada ka yarda. Maƙiyinka yana da wayo, zai maida hannunsa baya. Wanda ke ƙaunarka ne zai rugo da gudu.